Motar Da Ba Direba: Idan Ta Yi Kisa, Jinin Na Wuyan Wa?

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Mutanen Kaugama da sauran ƙasar Haɗeja, waɗanda manyan motoci ke ɗaukar musu riɗi da zoɓo, ba sa buƙatar a gaya musu ɓarnar da babbar mota kan yi. Wannan kuwa mota ce mai direba, wanda za a iya kamawa a tuhuma.

To, yanzu ga wata sabuwa. A shekarar 2025 kamfanin Aurora na Amurka ya fara jigilar kaya tsakanin biranen Dallas da Houston da tirelar da kwamfuta ke tuƙawa. Masu abin na cewa wai na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya. Haka ne. Amma idan ta take ɗan Adam, wa za a kama?

An riga an ga amsa. A 2018 wata ƙaramar motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata a garin Tempe, jihar Arizona. Masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a gurfanar da shi, sai aka kama ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba don sa ido, ita ce kotu ta hukunta a 2023. Ƙarami ya sha duka, babba ya kaɗe rigarsa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan. A cikin Risala an nuna cewa mai hawan dabba da mai janta da mai korarta su ke da lamunin abin da ta taka. Ba a tuhumar jaki, ana tuhumar wanda ya sa shi a hanya. Ashe wanda ya ƙera na'ura, ya sake ta a titi, yake cin ribarta, shi ya kamata ya ɗauki diyya. Ingila ma ta yi doka a 2024 da ta ɗora alhaki kan kamfanin da aka ba izini, ba kan mutumin da ke cikin motar ba.

Lalle wajibi ne 'yan majalisar tarayya su rubuta ƙarara wanda zai biya diyya, tun kafin wani attajiri ya shigo da irin waɗannan motoci kan titunan da ramuka da shanu da yara 'yan talla suka cika. Idan aka yi sakaci, ɗan kamasho da yaron mota za a riƙa ɗaurewa, marayu kuma su tashi hannu rabbana. Allah Ya kiyaye.