Fim ɗin Shinuwa: abin ɗauka da abin bari

Yara, akwai finafinan da ba su tsufa. Kakanninku sun gan su a gidan sinima, iyayenku sun gan su a ɗakin bidiyo na unguwa, ku kuma kuna ganinsu cikin tele ko cikin salular yayanku. Su ne finafinan faɗa na Sinawa, waɗanda muke kira fim ɗin Shinuwa. In an kalle su da dare, kashegari lokacin shan iska filin makaranta sai ya cika da ihu da tsalle. Kowa yana son ya zama akta, ba mai yarda ya zama shef bandi.

Manya sun rabu biyu a kan wannan magana. Wasu sun ce a hana ku kallo, don finafinan banza ne na araha. Wasu sun ce a ƙyale ku, ai wasa ne. Ni ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Gaskiya ne da kuɗi kaɗan aka yi yawancin finafinan nan, amma ƙarancin kuɗi ba shi ne aibinsu ba. Aibi yana somawa inda aka fara yaudarar mai kallo. Ɗalibin da ya iya rarrabe aikin gumi da aikin ha'inci zai ƙaru da kallonsu.

Ina aka yi su?

Yawancinsu an yi su a Hongkong da Taiwan, tsakanin 1970 da 1990. Hongkong birni ne a bakin teku, kudancin ƙasar Sin. Turawan Ingila sun mallake shi fiye da shekara 150, ba su mayar da shi ga Sin ba sai 1997. A wancan lokaci akwai manyan kamfanonin fim biyu a can: Shaw Brothers, wanda aka kafa a 1958, da Golden Harvest, wanda aka kafa a 1970. A gefensu akwai ƙananan kamfanoni masu yawa, waɗanda ba su da filin aiki na kansu.

Mutane da yawa suna ce wa finafinan nan karate. Kuskure ne. Karate daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan ya fito. Na Sinawa shi ake kira kun-fu. A harshensu kalmar ba ta tsaya ga faɗa kaɗai ba. Ma'anarta gwaninta wadda mutum ya samu bayan ya daɗe yana wahala. Maƙeri yana da kun-fu nasa, mai dafa abinci ma haka. Ku riƙe wannan ma'ana, da ita za mu auna finafinan.

Ƙaramin kamfani yakan gama fim cikin ƴan makonni. Gina ɗakuna yana cin kuɗi, saboda haka sai a tafi daji ko bisa tudu a yi faɗan a can. Saurayi za a liƙa wa farin gemu da dogon gira ya zama tsoho, wani lokaci har kana hango inda gam ya saki. Ba a ɗaukar murya lokacin aiki. Sai an gama ake shiga ɗaki a aza magana da Sinanci, ko Ingilishi, ko Faransanci. Shi ya sa kuke ganin baki ya rufe magana tana ci gaba. Ƙarar naushi da kukan iska in an kaɗa hannu, su ma a ɗaki ake yin su.

Duk wannan abin dariya ne, amma ba abin kunya ba ne. Mai sanye da rigar faci ba a kiransa ɓarawo.

Me ya sa muke son su?

Dalili na farko shi ne jiki. Mai kuɗi yana iya fasa motoci goma cikin fim ɗinsa. Wanda ba shi da kuɗi, jikin ƴan wasansa ne jarinsa. Jaki Can, wanda aka haifa a 1954, yana ɗan shekara bakwai aka sa shi makarantar wasan kwaikwayo ta gargajiya a Hongkong. Ya yi shekara goma a can yana koyon alkafura, da tsalle, da faɗuwa ba tare da karaya ba, tun asuba har dare. In kun ga ya wuntsila bisa benci ya dira da ƙafafunsa, shi ne ya yi da kansa, babu na'ura a ciki. Lokacin da ake ɗaukar wani fim a 1978, abokin wasansa ya shure shi har haƙorinsa ya fita, aka ci gaba da aiki.

Dalili na biyu shi ne labarin. Akta ba ya zama sarki ko attajiri. A cikin Big Boss, na 1971, Burus Li lebura ne a masana'antar ƙanƙara a ƙasar Tailan, maigidan kuwa yana ɓoye ƙwaya cikin ƙanƙarar, yana kashe ma'aikatan da suka gane. A cikin La Fureur de vaincre, na 1972, labarin yana faruwa a birnin Shangai lokacin da baƙi suke taka Sinawa a ƙasarsu. Burus Li ya zo ƙofar wani lambu, ya tarar da allon da ya hana karnuka da Sinawa shiga. Ya yi tsalle ya farfasa allon da ƙafa. Duk mutumin da aka taɓa mallakar ƙasarsa ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan wuri. Shi ya sa aka so finafinan nan a Afirka, da cikin unguwannin baƙar fata na Amurka.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi burge ni, ni malami. Finafinan nan suna girmama koyo. A cikin Le Chinois se déchaîne, na 1978, wanda ƙaramin kamfani ya yi, Jaki Can maraya ne mai sharar makarantar faɗa, kowa yana gwada hannunsa a kansa. Ya taimaki wani tsoho mai bara, ashe tsohon babban gwani ne. Tsohon ya koya masa salon maciji da sannu-sannu. Daga baya yaron ya ga kyanwa tana faɗa da kumurci, ya lura da yadda take kai farce, ya ƙara wannan a kan abin da aka koya masa. Ya bi malaminsa, kuma ya yi aiki da idonsa.

A wannan shekara kuma aka fitar da La 36e Chambre de Shaolin. Babban ɓangaren fim ɗin horo ne kawai. Ɗalibi yana wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki, kamar yadda kuke wucewa daga aji zuwa aji. A wani ɗaki yana ɗaukar bokitai biyu na ruwa, hannuwa a miƙe, an ɗaura masa wuƙaƙe a damtse don kada ya sauke su. A wani ɗaki yana buga ƙararrawa da doguwar gora mai nauyi har wuyan hannunsa ya yi ƙarfi. Da ya gama, abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya buɗe sabon ɗaki don koyar da talakawan gari. Ilimin da aka kulle cikin gida bai amfani kowa ba.

Ina aibinsu?

Aibi na farko shi ne satar suna. Burus Li ya rasu ranar 20 ga watan Yuli na 1973, yana da shekara 32. Mutane suna son ƙarin finafinansa, shi kuwa babu shi. Sai masu neman kuɗi suka nemo samari masu kama da shi, suka yi musu aski irin nasa. A takardar talla ana rubuta sunansa na gaskiya Bruce Lee. Sai suka riƙa rubuta Bruce Li, ko Bruce Le, ko Dragon Lee. Wanda bai lura da harufa ba sai ya biya kuɗinsa ya shiga, ya tarar da wani mutum dabam. Kun ga amfanin iya karatu ko a ƙofar sinima.

Kada ku zaci ƙananan kamfanoni kaɗai suka yi haka. A 1978 Golden Harvest ya fitar da Le Jeu de la mort, fim ɗin da Burus Li ya soma a 1972 bai gama ba. Abin da aka saka na wasansa na wancan aiki bai wuce minti 11 ko 12 ba. Sauran wurare wasu mutane ne sanye da baƙin tabarau, ko suna juya wa mai kallo baya. A wani wuri an manna hoton fuskarsa bisa madubi don ta rufe fuskar wanda ya maye gurbinsa. Har hotunan jana'izarsa ta gaskiya an saka cikin labarin. Masu kuɗi ne suka aikata wannan. Ashe ha'inci kwaɗayi ne ke kawo shi, talauci ba ruwansa.

Aibi na biyu shi ne faci. Tsakanin 1980 da 1990 wani mai shirya fim a Hongkong, Godfrey Ho, ya yi suna da wata dabara. Ana sayen tsohon fim mai araha daga Taiwan, ko Tailan, ko Koriya. Sai a ɗauki ƴan wurare sababbi da Turawa sanye da kayan ninja masu launi iri-iri, a yanka a cusa cikin tsohon, a sake masa suna. Mutanen ɓangarori biyun ba su taɓa haɗuwa ba, saboda haka ta wayar tarho ake nuna suna magana. Wani ɗan wasa na Amurka, Richard Harrison, ya koka daga baya cewa an rarraba wasan da ya yi cikin finafinai da yawa ba da saninsa ba. In kun taɓa kallon fim ɗin ninja kuka kasa gane kansa da gindinsa, ba laifin hankalinku ba ne. Ninja ma na Japan ne, ba su da haɗi da kun-fu.

Aibi na uku shi ne ramuwa. An kashe malamina, zan kashe wanda ya kashe shi: wannan ne labarin ɗaruruwan finafinai. Da shef bandi ya faɗi, sai fim ya ƙare. Ba a nuna mana marayun da ya bari, ba a nuna alƙali, ba a nuna sulhu. A rayuwa ramuwa ba ta ƙarewa nan, ɗa yakan gaje ta ya bar wa jika. Akwai kuma Le Maître chinois, na 1978, fim mai ban dariya ƙwarai, inda akta yake ƙara ƙarfi in ya sha giya. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Giya tana kashe jiki, tana gusar da hankali.

Aibi na huɗu shi ne ya fi kusa da ku. Finafinan nan suna ɓoye zafi, suna gajarta lokaci. Horon shekara goma ana nuna shi cikin minti goma. Mutum yana shan naushi hamsin ya tashi ya kakkaɓe riga. Ga kuma dabarun da ido ba ya gani. In akta ya yi tsalle daga ƙasa ya hau rufin soro, sau da yawa dirowa ya yi, aka juya hoton da baya. Wani lokaci an ɓoye katifa mai ɗagawa a ƙasa, ko an ɗaure shi da siririyar waya ana ja. Fim yana tafiya da hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. In an ɗauki faɗa da hotuna ƙasa da haka, aka nuna shi da 24, sai hannu ya yi saurin da ba shi da shi. Kuma kowane naushi an shirya shi tun da farko, kowa ya san inda zai kauce. Abokinka na aji bai san inda zai kauce ba. Shi ya sa wasan akta yakan ƙare a gidan maɗori.

To, a hana kallo?

Masu cewa a hana suna da hujja, don yaro yana kwaikwayon abin da ya gani. Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1966 Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin magabatan sinimar Nijar, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dagula garinsu. Mustafa Alasan ya nuna wa samari kansu cikin madubi, kuma da kuɗi kaɗan shi ma ya yi aikin. Hani ba ya hana kallo, sai dai ya mai da shi na ɓoye, inda babu babban da zai yi bayani. Gara a wasa wa yaro ido.

Wanda yake son gwada ƙarfinsa, akwai wurin yin haka. Kokawa tana da fili, da alƙali, da ƙa'ida, wanda ya kayar kuma yakan ɗaga wanda ya faɗi. Tun 1975, da aka soma a Tawa, ake gasar takobin ƙasa a kan wannan tsari. Wanda kuma shuri ne yake burge shi, ya tuna da Abdul Razak Isufu Alfaga. Wasan taikwando na Koriya ya koya a hannun malamai, shekara da shekaru, har ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga wasannin Olimpik na Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Abin da ya yi shi ne kun-fu a ma'anarsa ta asali.

Saboda haka ku kalla, bayan kun gama bitar darasi, kuma da izinin iyaye. Ku yi dariyar gemun da ya saki. Ku yaba wa ɗan wasan da ya zubar da gumi. Amma ku karanta sunan da ke bisa takardar talla harafi bayan harafi, ku bar naushi inda kuka gan shi. Ɗalibin da ya zauna yana maimaita lissafin da ya gagare shi har ya iya, ya fi mai shurin abokinsa kama da akta.

Tambayoyi

1. Mece ce ma'anar kalmar kun-fu a harshen Sinawa?
2. Me ya sa magana ba ta tafiya daidai da baki a finafinan nan?
3. Kawo dabaru biyu da ake yi don akta ya yi tsallen da mutum ba ya iyawa.
4. Tambayi wani maƙeri, ko majemi, ko maɗinki na unguwarku shekara nawa ya yi yana koyon sana'arsa. Rubuta amsarsa cikin layi biyar.