Raunin Jam'iyya da Ƙarfin Masu Kamun Ƙafa a Amurka

Duk wanda ya ɗauki kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a birnin Filadelfiya a shekarar 1787, ya bi shi daki-daki tun daga farko har ƙarshe, ba zai tarar da ambaton jam'iyya ko sau ɗaya ba, domin magabatan da suka tsara shi sun ɗauki ƙungiyanci ƙofar fitina ne. Hasali ma shugabansu na farko, George Washington, a jawabinsa na bankwana a 1796, sai da ya ja kunnen jama'arsa game da sharrin ta'assubancin jam'iyya. Nasihar ba ta kama ba. Fiye da shekara 150 ke nan mulki yana kai-komo tsakanin Democrat da Republican, har ma attajiri Ross Perot, da ya tsaya shi kaɗai a 1992 ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u, bai tsira da ko wakili ɗaya ba daga cikin wakilan da ke zaɓen shugaban ƙasa.

Mai hange daga nesa zai zaci jam'iyyun nan biyu su ne wuƙa da nama, alhali a ganina girmansu na suna ne, kuma rauninsu shi ne sababin ƙarfin ƙungiyoyin matsin lamba. Shugabannin jam'iyya ba su ke tsai da ɗan takara ba, jama'a ne ke tsai da shi a zaɓen fid da gwani. Shi ke fafutukar tara mafi yawan kuɗin yaƙin neman zaɓensa. Idan ɗan Majalisar Wakilai ne, duk bayan shekara biyu sai ya koma gaban masu zaɓe. Idan kuma ya saɓa wa jam'iyya a zauren majalisa, ba ta da ikon raba shi da kujerarsa. Mutumin da ke cikin wannan hali, mai bukatar kuɗi da ƙuri'a da wanda zai fayyace masa ƙudurin doka mai shafi dubu, lalle zai karkata ga wanda ya zo masa da ukun nan a hannu. Masu zuwan kuwa suna da yawa: 'yan majalisun biyu, ta Wakilai da ta Dattawa, su 535 ne, amma masu kamun ƙafa da suka yi rajista sun haura 12,000, kuma abin da ake kashewa a kan sana'arsu ya wuce dala biliyan 4 a shekara.

A dubi mas'alar magunguna. A 2003 majalisa ta zartar da dokar taimaka wa tsofaffi wajen sayen magani, amma aka cusa sharaɗin da ya hana gwamnati, wadda ita ce za ta biya, yin ciniki da kamfanoni a kan farashi. Ba a jima ba Billy Tauzin, shugaban kwamitin da ya taka babbar rawa wajen tsara dokar, ya bar majalisa ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magunguna a 2005, kuma sai a 2022 aka sassauta sharaɗin, shi ma a kan wasu magunguna ƙalilan. Haka nan bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a ƙarshen 2012, ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga, wanda mafi yawan jama'a suka goyi baya, ya sami ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa alhali 60 ake bukata, saboda tsoron ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda ke ba kowane ɗan majalisa maki kamar ɗalibi, membobinta kuma ba sa mantuwa ranar zaɓe.

Adalci ne a saurari hujjar ɗaya ɓangaren, domin ba mai rauni ba ce. James Madison, ɗaya daga cikin magabatan da suka tsara kundin, ya yi bayani tun 1787 cewa ba a iya kawar da ƙungiyanci sai an kawar da 'yanci, saboda haka maganinsa shi ne ƙungiyoyin su yawaita har sashensu ya taka wa sashe birki; gyaran farko na tsarin mulki ya tabbatar wa kowa haƙƙin kai koke ga hukuma; kuma ta wannan kafa ce ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, wadda aka kafa a 1909, ta yi ta jan gwamnati kotu har Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launin fata a makarantu a 1954, a lokacin da jam'iyyun biyu ke ta noƙe-noƙe. Wannan maslaha ce da babu mai musunta. Illa dai hujjar Madison tana tsayawa ne idan masu jayayyar suna da ƙarfi kusan ɗaya, ga shi kuwa 'yan tsirarun manoman rake da ke cin ribar takunkumin shigo da sukari sun san juna, suna da asusu da lauyoyi, su kuma miliyoyin da ke sayensa da tsada babu mai tara su.

Lamarin ya ƙara ta'azzara a 2010, sa'ad da Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu a shari'ar Citizens United, ta halatta wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago kashe kuɗi ba iyaka a kan zaɓe, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba, sai ka ce ɗan takarar ba zai san wanda ya yi masa alheri ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hana alƙali karɓar kyautar mai ƙara ko da ba a ambaci sharaɗi ba, Shehu Usmanu ma ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adu a Kitabul Farƙi, saboda sun fahimci cewa zuciya tana karkata ga mai kyautata mata tun kafin a roƙe ta komai. Wata dokar Amurka ta 1995 ta wajabta wa masu kamun ƙafa bayyana sunayensu da na masu biyansu, wannan kuwa abin yabo ne, amma bayyana shubuha ba ya mai da ita halal. Tsohon ɗan Majalisar Wakilai shekara ɗaya kacal aka ce ya jira kafin ya koma kamun ƙafa a wurin abokansa na da, ɗan Majalisar Dattawa shekara biyu, wa'adin da kamfani mai haƙuri ba zai ji nauyinsa ba, kuma waɗanda ke da ikon tsawaita shi su ne dai waɗanda ke sa ran cin moriyar gajartarsa.