Littafin Baƙi na Otal-otal ɗin Kakuri

Da aka rushe otal ɗin Durbar na Kaduna a Janairun 2020, gari ya ɗauka, domin kowa ya san saboda bikin FESTAC na 1977 aka gina shi. Otal ɗin Hamdala ma yana da masu ba da labarinsa. Amma duka biyun a tsallaken kogi suke. Mu nan Kakuri da Makera, ƙananan otal-otal ɗinmu sai mutuwa suke ɗaya bayan ɗaya, ba mai cewa uffan.

Masaƙu ne suka kawo su. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta Arewa da ta UNTL suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya zo a 1975, baƙo bai yanke a unguwannin nan ba: dillalan atamfa daga Kantin Kwari, 'yan kasuwar Anaca, direbobin tirela masu jiran lodi, da fasinjan da jirgin ƙasa ya sauke a tashar Kaduna Junction cikin dare. Da masaƙun suka rufe, ciniki ya bi su. Jirgin Abuja kuwa a Rigasa yake tsayawa, ba a nan ba.

Akwai wani otal da nake bi ta gabansa in zan tafi aiki. Bene ne hawa ɗaya, fenti ya koɗe, ɗakunan ƙasa sun koma shagunan cajin waya. Dattijon da ke gadinsa ya taɓa buɗe mini tsohon littafin baƙi, gara ta ci gefensa. Suna, garin da ka fito, abin da ya kawo ka. Mutumin Gusau a layi ɗaya, a ƙarƙashinsa mutumin Aba, ɗakunansu na jere. Ya ce, "Ɗana, a lokacin nan ba mai tambayar addininka. Kuɗin ɗaki kawai."

Za a ce wasu daga cikin wuraren nan mashaya ce, ba abin tinƙaho ba. Ban musa ba. Sai dai tun rikicin 2000 da kogi ya zama iyaka tsakanin mutanen gari ɗaya, yaranmu sun taso suna zaton haka Kaduna take tun fil'azal. Shaidar cewa ba haka take ba tana cikin waɗannan littattafai, kuma ina son jikokina su gan ta da idonsu.

Arewa House tana nan cikin garin, ma'adanar tarihi ta ƙasa ma tana nan. Su turo ɗalibai su karɓi littattafan, su naɗi muryar tsofaffin masu gadi da kuku, tun magada ba su sayar da filayen ba, takardun su ƙare a hannun mai ƙosai.