Sanin Hali Ya Fi Sanin Kama

A shekarar 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takardar tambayoyi, ya yi musu alkawarin fitar wa kowa da bayanin halinsa. Bayan mako guda kowane ɗalibi ya karɓi takarda mai ɗauke da sunansa. A ciki an gaya masa cewa yana son mutane su so shi, yana yawan zargin kansa, wani lokaci yana son shiga jama'a, wani lokaci kuma ya fi son a ƙyale shi. Malamin ya ce kowa ya ba takardarsa maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi, aka tashi da matsakaicin maki kusan 4.3. Sai a lokacin ya tona asiri: takarda iri ɗaya ya ba kowa, jimlolin kuma daga wani littafin taurari ya tsinto su.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa ashe duk maganar rabe-raben hali duba ce da ta sa kwat. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Abin da Forer ya fallasa shi ne bayani mai santsi wanda ya dace da kowa. Akwai wani nazarin daban, mai awo da hujja, wanda iyaye da malamai da masu ɗaukar ma'aikata suke asarar alheri mai yawa idan suka yi watsi da shi.

Sha'awar rarraba mutane bisa ɗabi'a tsohuwa ce. Likitocin Girka, musamman Galen a ƙarni na 2, sun danganta hali da rinjayen ruwa huɗu a jiki: jini, majina, da madaciya iri biyu, rawaya da baƙa. Ibn Sina ya faɗaɗa wannan bayani na mizaji a littafinsa Alƙanun, wanda aka shafe ƙarnuka ana karantarwa. A 1921 Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya fito da rabon da ya fi shahara a yau, tsakanin mai samun kuzari a cikin jama'a da mai samun sa a keɓe. A kan aikinsa ne wata uwa da 'yarta a Amurka, Katharine Briggs da Isabel Myers, suka gina gwajin da ake kira MBTI a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne mai raba mutane gida 16, kuma daga gare shi haruffa huɗun nan suka fito, irin su INTJ da ENFP, da matasa ke liƙawa kusa da sunayensu.

Farin jinin MBTI bai rufe rauninsa ba. Yana yanka kowace ɗabi'a gida biyu, alhali yawancin mutane a tsakiya suke. Kamar a ce za a raba mutanen gari zuwa dogaye da gajeru ne, a manta cewa matsakaita sun fi yawa. Shi ya sa mutane da dama da suka sake gwajin bayan 'yan makonni suke samun wasu haruffan daban.

Hanyar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta daga ƙamus ta faro. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus ɗin Ingilishi shafi-shafi, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Masu bincike da suka biyo baya suka yi ta tacewa da lissafi, suna duba siffofin da ke tafiya tare, har aka tsaya a kan ma'auni biyar: son sabon abu da zurfin tunani, tsari da kula da aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai saurin damuwa. A nan ba a jefa kowa cikin akwati. Kowane mutum yana da rabonsa a cikin biyar ɗin, wani da yawa, wani kaɗan.

Amfanin wannan awo ya bayyana a rayuwar mutane. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka haɗa sakamakon bincike 117 kan ma'aikata, daga 'yan sanda zuwa manajoji da masu sayar da kaya, suka gano cewa mai tsari da kula da aiki ya fi taɓuka abin kirki a kowane fanni, son shiga jama'a kuwa a shugabanci da ciniki ya fi amfani. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka fi iya kame kansu tun suna ƙanana sun fi lafiya da rufin asiri a shekara 32, kuma sun fi kaucewa hannun hukuma, ko da an cire tasirin basira da arzikin iyaye.

Inda wannan ilimi ya fi daraja shi ne wajen yi wa yara adalci. A kowane aji akwai yarinyar da ke zaune a layin baya, littafinta tsaf, amsa tana bakinta, amma da malam ya nuna ta sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi. Kusa da taga kuma akwai yaron da hannunsa ke sama tun kafin a gama tambaya, benci ba ya riƙe shi minti biyar. Ita a ce mata doluwa ko miskila, shi a ce masa mai rawar kai, bulala kuma ta hau kansu duka biyu. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada jarirai 'yan wata huɗu, ya ga kusan ɗaya cikin biyar suna firgita da kuka idan aka nuna musu baƙon abu, kuma waɗannan sun fi zama masu ɗari-ɗari da suka girma. Malamin da ya san haka zai ba yarinyar damar rubuta amsarta ko ta faɗa a ƙaramin rukuni, ya ɗora wa yaron rabon littattafai da share allo. Uwa ma za ta daina ce wa ɗanta, "Kai me ya sa ba ka zama kamar yayanka ba?"

Haka abin yake a shago da gidan aure. Telan da ke da yara biyu, ɗaya mai haƙurin zama kan aikin wuya har dare, ɗaya mai bakin shawo kan mai kaya, ya san wanda zai bari a kan keke da wanda zai tura kasuwa. Masu binciken aure sukan tsaya a kan asali da sana'a da addini, su taƙaita batun hali da "ba shi da matsala". Da za su tambayi yadda yake idan ransa ya ɓaci, ko yadda take ji da gida mai yawan baƙi, da an rage ƙararrakin da ke kaiwa gaban alƙali.

Akwai masu cewa hali zanen dutse ne, saboda haka saninsa ba ya gyara komai. Amma binciken tagwaye ya nuna gado yana ɗauke da kusan rabi ko ƙasa da haka na bambancin hali tsakanin mutane, sauran kuma rayuwa ce ke sassaƙa shi. Nazarin da Brent Roberts da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya nuna mutane suna ƙara nutsuwa da kula da nauyi yayin da suke manyanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga su da hujja mai sauƙi a littafinsa Ihya'u: da ɗabi'a ba ta sauyawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Mai saurin fushi da ya san kansa ya fi kusa da magani fiye da wanda ke ganin kullum laifin mutane ne.

Hatsarin wannan awo ma na gaske ne. Kamfanin da ya hana mutum aiki saboda haruffa huɗu ya zalunce shi, domin ko masu MBTI da kansu sun ce ba don tantance masu neman aiki aka yi shi ba. A 2018 kuma duniya ta ji yadda wani gwajin hali a Facebook, wanda mutane kusan 270,000 suka amsa, ya zama ƙofar da aka kwashi bayanan mutane har miliyan 87 zuwa kamfanin Cambridge Analytica da ke aikin yaƙin neman zaɓe a lokacin. Duk gwajin kyauta da ke neman izinin shiga bayanan mutum ya cancanci a tsaya a yi tunani kafin a danna.

Sai batun wanda aka auna da ma'aunin wa. Da aka kai ma'auni biyar ɗin nan wurin ƙabilar Tsimane ta ƙasar Bolibiya, sakamakon da aka wallafa a 2013 bai fito da biyar ɗin yadda aka saba ba. A ƙasar Hausa ma tambayar da aka rubuta don ɗalibin Amurka za ta iya karkacewa. Matar da ba ta ɗaga ido gaban surukai, ko saurayin da ba ya tsoma baki a zancen manya, kunya da ladabi suke nunawa, amma takardar gwaji za ta lissafa su cikin masu gudun mutane.

Kayan gyara wannan suna nan a hannu. Ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 cike yake da kalmomin siffanta mutum, kuma a 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya jero siffofi irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya da mutunci. Ya kamata sassan Hausa da na ilimi a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai su haɗa hannu su yi wa Hausa irin aikin da Allport da Odbert suka yi wa Ingilishi: a tattara kalmomin, a gwada su a kan manoma da 'yan kasuwa da matan aure da ɗalibai, a ga ma'auni nawa za su fito. Kwalejojin horar da malamai kuma su ba bambancin ɗabi'un yara wuri mai kyau a manhajarsu, yadda duk mai riƙe da takardar NCE zai shiga aji da sanin abin da zai yi da yarinyar da ta san amsa amma ta kasa ɗaga hannu.