Hannun da ya san auduga

Ranar kasuwar Dandume da ta wuce, maƙwabcina ya kai masara, wani baƙo ya saye dab da magariba, ya ƙirgo masa 'yan dubu-dubu bandir guda. Washegari ya je sayen maganin feshi, mai shago ya zare guda goma sha ɗaya daga tsakiya ya ce jabu ne. Bawan Allah ya zo ƙofar gidana yana jujjuya su, ya ce, "Malam, ni dai na ga hoton mutum biyu a jiki, na ɗauka shi ke nan." Tun ranar abin yake cina.

Na shiga ɗaki na buɗe adakar marigayi Baba. Cikin wani tsohon littafi akwai fam guda, irin wanda Babban Banki ya fara fitarwa ranar 1 ga Yuli 1959, da 'yar Murtala ta farko, ta 1977, da aninai masu huda a zare. Baba manomin auduga ne, zamanin da ake kai ta fuloti a auna, a wuce da ita kamfanin Bisije a gurje. Bai taɓa karɓar takardar kuɗi ya cusa aljihu haka nan ba. Sai ya karkaɗa ta kusa da kunne ya ji amonta, ya murza da babban yatsa, ya ɗaga ta saitin rana. Mu yara muna dariya, ashe karatu yake.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba, da auduga ake yin takardar manyan kuɗi. Shi ya sa take da kauri da amo, ta shiga wanki ta fito da ranta. Jabu kuwa takarda ce kawai, sumul, in gumi ya taɓa ta sai launi ya bi yatsa. Ta gaske in ka shafa hoton Aliyu Mai-Bornu da ke jikin 'yar dubu za ka ji kaushin tawada. In ka ɗaga ta za ka ga zaren tsaro a cikin jikinta, da ɓoyayyen hoto a farin gefen. Duba wannan bai kai tsawon gaisuwa ba. Amma mu da muka cika Najeriya da auduga, mu ake yi wa sakiyar da ba ruwa da takardar makaranta!

Ba zan gaji da maganar ajamin jikin kuɗi ba. A 2007 aka cire shi daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 aka cire daga sabuwar naira 100. Dattijon da bai yi boko ba da wannan rubutu yake karanta kuɗinsa. Sannan a zo a sauya launi bagatatan, kamar yadda aka yi a 1984, aka maimaita a ƙarshen 2022, har mutanen ƙauye suka riƙa ƙin sababbin kuɗi don ba su yarda da su ba. Duk ranar da aka raba talaka da kuɗin da ya sani, mai jabu aka yi wa gata. Za a ce ai ga tiransifa. A je Sabuwa ko Faskari a nemo sabis da yamma, sannan mu yi magana.

Yanzu kuma wata sabuwa ta ɓullo. Samari na bin gidaje suna neman tsohon fam, wai ana saye da miliyoyi. Wasu har jiƙa kwafi suke a ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Damfara ce tsagwaronta. Masu tara tsofaffin kuɗi na gaskiya lamba suke dubawa, da sa hannu, da ko takardar ta taɓa naɗewa, kuma wadda ta sha hannu ba ta wani tsada. Babban Banki na da gidan tarihin kuɗi a Abuja, amma yaron Malumfashi nawa zai je can? Wanda ya gaji fam ko sule ya riƙe abinsa, ya nuna wa jikoki.

Kafin maƙwabcina ya tafi na ce ya rufe ido. Na sa masa fam ɗin Baba a hannun dama, jabunsa a hagu. Ya murza sau ɗaya, ya yi shiru, ya ce, "Wannan ƙyalle ne, wannan kuwa takarda." Shekara talatin yana tsinkar auduga, ba wanda ya taɓa gaya masa yatsunsa sun san kuɗi.