Hangen Dala ba shiga birni ba: kafin a kashe Yuro 750

Tun ranar 20 ga Yulin 2025, da Babban Bankin Aljeriya ya fara ba ɗan ƙasa mai shirin fita waje damar sayen Yuro 750 a farashin gwamnati sau ɗaya a shekara, hirar majalisu ta canza a Tamanrasset. A da, guzurin da banki ke bayarwa na dinari 15,000 ne kacal, wajen Yuro ɗari, kuɗin da ko kwana biyu a otal ba zai kai mutum ba. Yanzu kuwa ko a teburin mai shayi a Tahaggart ko Gataa el Oued zancen ke nan: wane ya tafi Istanbul, wance ta dawo daga Dubai, su wane na haɗa kuɗi za su Tunisiya. Waɗanda ba su da takardun ƙasa ma, da wannan rangwame bai shafe su ba, iskar ta kaɗa su, domin maƙwabci ya je ya dawo da hotuna.

Wannan shafi ba ya adawa da tafiya. Wanda Allah Ya hore wa, ya je ya ga duniya, ai tafiya mabuɗin ilimi ce. Ƙorafinmu yana kan labarin da ake dawowa da shi. Mutum ya je ya sha wahala, aljihu ya ƙare tun kwana na huɗu, amma da ya sauka a filin jirgin Aguenar sai ka ji "kai, wallahi aljannar duniya ce". Na gaba ya ji, ya sayar da tumakinsa ko ya ci bashi, shi ma ya je ya dawo da irin wannan magana. A haka sunan wuri ke ta kumbura har ya fi wurin kansa girma.

Mu da ke zaune a gindin Ahaggar ya kamata mu fi kowa sanin yadda ake yi wa wuri suna, domin namu ma an yi masa. Ɗauki Mertoutek, ƙauyen nan da ke cikin duwatsun Tefedest, arewa da Tamanrasset, a yankin Idles. A 1935 wata tawagar Faransawa masu hawan dutse ƙarƙashin Kyaftin Raymond Coche, wadda marubuci Roger Frison-Roche yake cikinta, ta zo hawan Garet el Djenoun, wato dutsen aljannu. A wannan tafiya ce suka ci karo da zane-zanen mutanen da a jikin duwatsun Mertoutek. Suka koma suka ce sun gano, kamar dai Abzinawan da ke kiwon awaki a wurin ba su da idanu. A 1938 ɗaya daga cikinsu, Chasseloup-Laubat, ya buga littafi a Faransa a kan zanen, kuma tun daga nan sunan wannan ɗan ƙauye ya shiga bakin masu yawon buɗe ido na Turai.

To me baƙo ke tararwa in ya zo? Hanya mai girgiza ƙashi, ƙauye ƙarami da 'yan lambuna a bakin kwari, sai tafiyar ƙafa a bayan ɗan jagora. Zanen yana ƙarƙashin inuwar duwatsu, wasu sun koɗe, sai an nuna maka da yatsa kafin idonka ya kama. Wanda ya taho da hoton waya a kansa, wanda aka ƙara wa launi, zai ce an cuce shi. Amma wanda aka gaya wa tun farko cewa shanun nan da yake gani an zana su ne shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da wannan hamada take da ciyawa da ruwan da za su riƙe garke, shi za ka ga ya tsaya shiru ya kasa tafiya. Dutsen ɗaya ne. Abin da aka faɗa wa kowannensu kafin ya taso ne ya bambanta.

Haka Assekrem, mai tsayin sama da mita 2,700, inda Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911. Hoton fitowar rana a can ya zaga duniya, kuma gaskiya ne, abin kallo ne. Sai dai hoton ba ya nuna sanyin asuba da ke sa haƙora kaɗawa, ba ya kuma nuna ranar da ƙura ta rufe komai mutum ya sauko bai ga kome ba. Mun kuma ga yadda suna ke rushewa dare ɗaya: bayan sace Turawa 32 a saharar Aljeriya a 2003, masu jagora da direbobi da masu raƙuma da dama sun zauna babu aiki, alhali duwatsun na nan inda suke. Sai daga 2023, da aka fara ba masu zuwa kudu biza a filin jirgi ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido, harkar ta soma farfaɗowa. In mun san haka game da ƙofar gidanmu, me ya sa muke haɗiye tallar garin wasu ba tauna?

Istanbul dai ta cancanci yawancin yabon da ake mata. Musulmin da ya tsaya a Masallacin Sultan Ahmet, ko ya yi salla a Aya Sofiya da aka mayar masallaci a Yulin 2020, ya ga abin da zai daɗe yana tunawa. Ƙaryar tana wajen araha. Labarin "Turkiyya komai banza ne" tsohon labari ne da bakin mutane bai sabunta ba. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 85 cikin ɗari, kuma farashin otal da abinci a unguwannin baƙi bai koma inda yake ba. Tun Janairun 2024 baƙon da ya je Aya Sofiya don kallo Yuro 25 yake biya. 'Yar kasuwar da ta san shagunan sari na Laleli, ta san abin da za ta saya da nawa za ta sayar a nan, tafiyarta na iya biyan kanta. Wanda fim ɗin Turkiyya ne ya kai shi, shi ne ke kwana a ɗaki mai gado huɗu yana lissafin kuɗin burodi.

Dubai kuwa ba ta ɓoye halinta ba, mu ne muke ƙin ji. Gari ne da aka gina domin mai kuɗi ya kashe. Burj Khalifa mai mita 828 yana nan, ana ganinsa kyauta daga ƙasa, hawa kuwa sai da tikiti. Yawancin mutanenmu a Deira suke sauka, wajen kasuwar Naif da kasuwar gwal, cikin cunkoso da zafin da a bazara ke wuce digiri 40 da gumi mai danƙo, irin wanda mu 'yan tudu ba mu saba da shi ba. Hoton da ake turo mana kuwa na gaban mota ce ta wani, a ƙofar otal ɗin da ba a kwana a ciki ba. 'Yan uwanmu masu fasfo ɗin Najeriya sun ɗanɗana wani darasin: daga ƙarshen 2022 zuwa Yulin 2024 an rufe musu ƙofar biza, har da waɗanda kasuwancinsu ya dogara da zuwa can.

Akwai kuma abin da babu kamfanin tafiye-tafiyen da zai rubuta a takardar tallarsa, kuma shi ya fi shafar masu karanta wannan shafi: launin fata. Tunisiya ce wurin hutun da ya fi sauƙi ga ɗan Aljeriya, babu biza, ga teku a Sousse da Hammamet. Amma bayan jawabin da Shugaba Kais Saied ya yi a kan baƙin haure a Fabrairun 2023, da rikicin Sfax na Yulin shekarar, an kori baƙaƙen fata daga gidajen haya, an kwashi wasu an zubar a bakin iyaka cikin hamada. Mai tsayar da kai a titi fuskarka yake fara gani kafin fasfo. Bahaushen Tamanrasset, ko da kakansa a nan aka haife shi, ya san wannan kallon tun daga Aljiyas. Ba mu ce kada a je ba, dubban mutane na zuwa suna dawowa lafiya. Muna cewa ne wanda ya je ya faɗa wa na baya gaskiya: a riƙe takardu a jiki ko da za a je sayen ruwa ne, a kuma san unguwar da za a sauka.

Makka da Madina ba sa cikin wannan ma'auni, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ga Ka'aba ya ce ba ta kai yadda ake faɗa ba. Amma tsakanin mai niyyar Umara da Harami akwai ɗan kasuwa. "Otal dab da Harami" a bakin wasu dillalai na nufin sai an hau bas, kuma tsohuwar da ta tara kuɗinta shekara da shekaru ita ce ke rasa sallar jam'i saboda ƙafa ba za ta kai ta ba. In ta dawo ba za ta yi ƙorafi ba, domin gani take kamar ƙorafi a kan tafiyar ibada rashin godiya ne. Dillalin ya san da haka, shi ya sa bai daina ba. A nemi sunan otal da nisansa a rubuce, da sa hannu, kafin a miƙa ko dinari ɗaya. Wannan bai rage wa kowa lada ba.

Kunyar nan ta faɗin gaskiya ita ce tushen matsalar, kuma mun san inda take kaiwa in ta yi tsanani, domin garinmu ma Dubai ɗin wasu ne. A ƙauyukan Kantche da Matameye na jihar Damagaram, Aljeriya ce ƙasar da ake zuwa a dawo da katifa da buhunan kaya. Wadda ta dawo ba ta ba da labarin kwana a kango ko bara a bakin titi, kayan kawai ake gani. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Nan suka nufo. Har yau kuma ana sauke waɗanda aka kora a wurin da ake kira Point Zero, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Mai yawon hutu da mai gudun yunwa ba ɗaya ba ne, ba mu haɗa su ba. Amma bakin da ke ƙawata Dubai don kada a raina shi, irinsa ne ke ƙawata Tamanrasset a Kantche, kuma wasu daga cikin masu wannan baki a cikinmu suke, suna aika saƙon murya gida kullum.

Sai batun lissafi, wanda shi ma ake tsallakewa. Sharaɗin kuɗin bankin shi ne a yi aƙalla kwana bakwai a waje, wanda ya dawo kafin haka sai ya mayar. Yuro 750 a kwana bakwai ya kama ɗari da 'yan kai a rana, ciki har da makwanci da ci da mota. Duk abin da ya haura haka daga kasuwar bayan fage zai fito, inda Yuro ya wuce dinari 250, alhali a banki yana wajen 150. Kafin nan ma akwai kuɗin zuwa Aljiyas, mai nisan kusan kilomita 2,000 daga nan, wanda mutumin arewa ba ya biya. Magidancin da zai ci bashi don wannan, ya fara zama da uwargida su duba kuɗin haya da na makarantar yara.

Muna kira ga limamai da shugabannin al'ummar Hausawa a unguwanni su riƙa tambayar wanda ya dawo a bainar jama'a: nawa ka kashe, ina ka kwana, me ya ba ka haushi, za ka koma? Su kuma kamfanonin da ke sayar da tafiya a garin nan, su rubuta abin da suka yi alkawari, ofishin kula da yawon buɗe ido na wilaya ya bi sawun masu saɓawa.

Daga Oktoba, in zafi ya sauka, motocin baƙi za su fara bin hanyar Tefedest. Mutane ne da suka biya kuɗin jirgi daga Faransa da Jamus da Italiya don su ga shanun Mertoutek. A cikin matasanmu da ke layin banki da fasfo a hannu, kaɗan ne suka taɓa zuwa can, alhali in mutum shida suka haɗa kuɗin mota da na ɗan jagora, ba biza, ba canjin kuɗi, cikin 'yan kwanaki sun je sun dawo.