Arahar Binciken Gobara Na Cin Rayuka

A Ingila, tun daga dokar kiyaye gobara ta 2005, wajibi ne a kan duk mai kula da gidan bene mai ɗauke da iyalai da yawa ya sa a binciki haɗarin gobara a wuraren da mazauna ke tarayya: matakala, zaure, baranda da ɗakin shara. A takarda doka ce mai kyau. To amma wa ake ɗauka ya yi binciken, kuma nawa ake yarda a kashe?

Bene mai hawa 24 na Grenfell a birnin Landan ya ba da amsa. Ranar 14 ga Yuni 2017, cikin watan Ramadan, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu, ta bi rufin da aka lulluɓe bangon waje da shi, mutum 72 suka halaka. Wannan rufi an zaɓe shi ne don rage kuɗin gyara. Abin takaici, ba wai ba a taɓa binciken ginin ba. An yi, har sau da dama. Sai dai hukumar da ke kula da gidajen ta damƙa ɗaruruwan gine-ginenta a hannun mutum ɗaya tilo, wanda kwamitin Sir Martin Moore-Bick, a rahotonsa na 2024, ya gano ya yi ƙarin gishiri a kan takardun ƙwarewarsa. Ƙofofi da yawa ba sa rufe kansu kamar yadda aka tsara, sai hayaƙi ya cika zaurukan, ga shi matakala ɗaya ce rak.

Ba kuma wannan ne farau ba. A 2009 gobarar Lakanal House ta ci mutum 6, daga baya kotu ta ci tarar ƙaramar hukumar Southwark.

Ko shakka babu bincike na ƙwarai na da tsada. Ginin da ya fi tsawo, ya fi tsufa, ko yake da tsofaffi da naƙasassu, ya fi cin lokaci, balle in sai an buɗe bango an leƙa. Mai neman mafi araha ya sani sarai takardar kare kai yake saye. Ko rahoton ya yi kyau, in ba a ware kuɗin gyaran da ya lissafa ba, aikin banza ne.

Galibi waɗanda suka sayi gidajen ne ke biyan kuɗin, ta cikin kuɗin hidimar shekara, don haka haƙƙinsu ne su tambaya. Tun Oktoban 2023 doka ta tilasta rubuta binciken gaba ɗaya, da sunan wanda ya yi shi, da sanar da mazauna haɗarin da aka gano. Sai su nemi ganin rahoton, su tambayi ranar da za a gyara kowace ƙofa.